Mamacin da Ke Cikin Wayata

"Maido wanga," in ji kakana. Na ɗago kai da sauri, don kwanana uku a Gummi ban ji ya haɗa kalma biyu ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye sai dai ya gyaɗa kai, ko ya nuna abu da hannu.

Muna zaune ne gindin darbejiya bayan la'asar, ina yanke masa farce, wayata na kan tabarma tana ta yi. Waƙar wani saurayi ce da nake ji a Kaduna in ina cikin go-sulo. Irin mawaƙan nan na yanzu da suka koma salon da: kwat da nektai, fiyano a hankali, murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Da Turanci yake yi.

Na maido. Tsoho ya lumshe ido har ta ƙare.

"Amarya, ina kika samo hwaihwan ga?"

Haka yake kirana tun ina rarrafe. Na ce, "Ango, ai ba faifai ba ne, waya ce."

"Na san shi. Allah jiƙan maza. Wanga ya daɗe ƙasa."

Ashe lokacin da yake tuƙa wani injiniyan noma a Sakkwato, maigidan na da garmaho, shi ke juya masa hannu ranar Lahadi. Ya ce sunan da suka sa wa irin waƙar shi ne "kukan mai kwat". Ya ba ni labarin allurar garmahon, da yadda faifai ɗaya ya lanƙwashe a bayan mota saboda rana. Inna ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya tana kallon mahaifinta yana zuba.

Abu ɗaya ya dame shi. "Ina ƙarar nan tai, shiii-shiii?" Kafin in amsa ya ba kansa amsa: "Sun wanke shi."

Mawaƙin nan fa ko shekara talatin bai kai ba. Da safen ma na ga ya sa hotonsa yana cin shinkafa.

Kullum yanzu in an yi la'asar sai ya ce, "Amarya, kawo mamacin nan." In ya saurara sai ya yi magana, wani lokaci har magariba. Kawuna, wanda yake malami, ya ja ni gefe ya ce bai dace a bar dattijo yana yi wa rayayye addu'ar matattu ba, in nuna masa bidiyon mawaƙin kawai. Ni kuma tsorona kada ya ga fuskar yaro ya ce ba nasa ba ne, ya koma shirunsa.

Jibi zan koma Kaduna. Na riga na tura waƙoƙin a wayar Inna, sauti kawai. Bidiyon yana wajena. Ku da kuke karantawa, in nuna masa kafin in tafi, ko in bar masa mamacinsa?