Gadar da ke Kauce wa Ruwa

Rabe mai gyaran keke ne a bakin tashar Jibiya. Ya fi shekara ashirin yana liƙe tayoyin 'yan kasuwar da ke ƙetarawa Nijar. Ƙauyensu yana wajen Farfaru, kuma akwai rafi tsakaninsu da titi. Da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai ya cika ya taho da kututtura. Sau uku ana kafa gadar katako, ruwa na tafiya da ita. A na ukun ne naƙuda ta kama ƙanwarsa Barira, aka rasa hanyar kai ta asibiti. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Bayan haka Rabe ya ce zai yi gadar da za ta kauce idan ruwa ya taho. Aka yi ta masa dariya, bai kula ba. Ya samo ƙarfen da tayar tsohuwar babbar mota ke juyawa a kai, ya kafa shi tsaye cikin siminti a gaɓa. A kansa ya ɗora gadar bututun ƙarfe, faɗinta daidai mutum da kekensa, ya rataya duro cike da duwatsu a bayanta don nauyi ya daidaita. Da feda da sarƙar keke, mutum ɗaya zai juya ta ta kwanta a gefe. Gwajin farko ta lanƙwashe. Ya kwance, ya ƙara ƙarafa a karkace irin na jikin keke.

Ana cikin amfani da ita sai wani injiniya, Badamasi, ya zo daga birni, ya ce babu zane babu izini, a cire ta.

"Injiniya, kawo wadda ta fi ta, ni zan kwance wannan da hannuna," in ji Rabe. "Kafin nan ba mai taɓa ta."

Ya sa aka jera buhun gero goma a kai, ya je tsakiya ya tsaya. Badamasi ya auna, ya ce waldar gindin ta yi sirara, kuma dole ya kai rahoto. Rabe ya ninka waldar a ranar, amma bai cire komai ba.

Cikin Agusta ruwa ya zo da ƙarfi. Mutanen ƙauyen suka juya ta, kututtura suka wuce, washegari aka mayar da ita, mata suka bi ta kai zuwa kasuwa.

Har yanzu maganar rahoton Badamasi tana ofis. Rabe ya hana babura hawa gadar, har da na ɗan mai gari, wanda ya daina gaishe shi.