Gaisuwar da Na Yi wa Mai Maki

Sau biyu Turanci yana kayar da ni. Lissafi na ci, ilimin halittu na ci, har kemistirin da 'yan mata suke kuka da shi na samu kiredit. Turanci ne kaɗai ya maƙale mini kamar ƙayar kifi. Dokar jami'a kuwa a fili take: kiredit biyar, dole da Turanci da Lissafi a ciki. In babu, komai yawan makinka na jarrabawar shiga jami'a, ba mai duba sunanka.

Na haura talatin kafin in iya rubuta sunana. Kifi nake soyawa a bakin titi kusa da gada, nan Wudil, tun ina amarya. Ajin yaƙi da jahilci na fara shiga, daga nan sai sakandaren matan aure, ina zuwa da ƙaurin mai a mayafina. A shekarar da nake ba da labari na riga na ci jarrabawar shiga jami'a, na cike sashen kiwon kifi a jami'ar garinmu. Amma makin nan shekara ɗaya yake aiki. In kiredit ɗin Turanci bai fito kafin a rufe ɗaukar ɗalibai ba, ya ƙone. Ƙanwata, wadda ta baro Lajawa take riƙe mini kasko in na tafi makaranta, ta riga ta faɗa mini gaskiya.

"Yaya, bana ce ta ƙarshe. In kin shiga jami'a, na zauna. In kin sake faɗuwa, ni ma ina da gida."

Ban ga laifinta ba. Amma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Wani tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya yana koyar da darasi a zaurensa bayan la'asar. Wajensa na je. Ya gwada ni da tambayoyin zaɓi ɗaya, ya ga ba laifi. Sai ya ce in rubuta insha'i a kan matsalar ruwan sha a unguwarmu. Na zage na cika shafi biyu. Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake mayarwa.

"Hajiya, wannan na farkon mene ne?"

"Gaisuwa ce, Malam."

"Na gani. Kin tambayi lafiyarsa, kin tambayi iyalinsa, kin yi masa ban gajiya, kin yi addu'a Allah ya ƙara girma. Rabin shafi. Wa kike gaisarwa?"

"Wanda zai karanta mana."

"Haka kika yi a jarrabawa biyun da suka wuce?"

"Ta bara ma ta fi wannan tsawo, don na zaci ta farkon ce ta yi kaɗan."

Ya ajiye takardar. Sannan ya yi mini bayani. Insha'i yana ɗauke da maki mai nauyi, wanda ya rasa shi da wuya sauran su ɗaga shi. Mai maki yana can wani gari da tulin takardu a gabansa, abin da aka tambaya kawai yake nema. Ni kuwa ina ƙona lokaci da kalmomi a bakin ƙofa, kafin in shiga maganar an ce a ajiye biro.

"Mutumin nan ba surukinki ba ne," in ji shi. "Ba ya jin yunwar gaisuwarki."

"To Malam, haka kawai zan faɗa wa mutum ba sallama, kamar akuya ta shiga gida?"

"Haka za ki faɗa masa. Akuyar ce take samun kiredit."

Na ji haushi, ban ɓoye ba. Ni da ko almuru ya kusa ba na miƙa wa mai saye kifi ƙunshi sai na tambaye shi hanya. Amma na bi. Duk insha'in da na kawo, jan biro yake sawa ya soke layin farko, har hannuna ya koyi farawa daga tsakiyar magana. Hannun ne ya koya. Zuciyata ba ta taɓa yarda ba.

Ranar jarrabawa da damina ce, an kwana ana ruwa. Aka zaunar da ni kusa da wata yarinya sa'ar 'yata ta biyu, siririya, sai murza carbi take yi a ƙarƙashin hijabi. Aka raba takardu. Cikin tambayoyin akwai wadda ta ce a rubuta wata matsala da ke damun masu sana'a a garinku da yadda za a magance ta. Na ce alhamdu lillahi. Kifin da ke ruɓe mana saboda rashin wuta da wurin sanyaya shi, wannan ko cikin barci zan iya.

Na ɗora biro, hannu ya ƙi tafiya. Farar takardar nan sai na gan ta kamar ƙofar gidan mutane a buɗe. Kowa yana rubutu, ni ina zaune. Sai dabara ta zo mini: Malam ya hana rubutawa, bai hana faɗa ba. Na sunkuya kan takardar, na ce a hankali, "Salamu alaikum. Sannu da aiki. Ina gajiya, ya iyali?"

A hankali a wajena, ni da na saba kiran masu mota daga tsallaken titi.

Yarinyar nan ko ɗagowa ba ta yi ba, bakinta ya amsa da kansa. "Wa alaikumus salam."

Mai sa ido yana bayanmu. Wani dogo ne mai ƙaramin gemu, ba ɗan garin ba.

"Ku biyun nan, me kuke faɗa?"

Na ce, "Malam, ba ruwanta. Sallama na yi, ta amsa. Ai wajibi ne."

"Wa kika yi wa sallama a tsakiyar jarrabawa?"

"Mai maki."

"Yana ina?"

"Ina na sani? Can inda kuke kai takardun."

Wani ya yi dariya a baya, aka tsawatar masa. Mai sa idon bai yi dariya ba. Ya ɗaga takardata, ya ga ba komai a kai. Ya sa na buɗe tafin hannu, na karkaɗe mayafi. Sannan ya dubi lambata, ya dubi ta yarinyar, ya rubuta wani abu a 'yar takardar da ke hannunsa, ya wuce.

Na yi rubutun. Ban san yadda na yi ba, amma na yi, daga kifin da ake fitowa da shi da asuba har zuwa warin da yake yi kafin azahar. Hannuna yana rubutu, idona yana kan aljihun mutumin nan.

Kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka rubuta lambarsa: a riƙe sakamakonsa, a ce ana bincike. Ko daga baya an sake shi, jami'a ta rufe. Da na gaya wa malamina na Turanci, sai ya dafe kai.

"Na soke ta a takarda, kin fito da ita ta baki."

"Za su riƙe?"

"Ban sani ba, Hajiya. Wallahi ban sani ba."

Wannan amsar na yi ta ɗauka har gero ya nuna. Kifi ya sha ƙonewa a hannuna. Duk motar da ta tsaya, sai in duba ko dogon nan ne a ciki, in tambaye shi me ya rubuta. Na je ofishin ɗaukar ɗalibai na tambaya ko ana jiran wanda aka riƙe wa sakamako, suka ce ba a jira. Ga kuma yarinyar mutane da na jawo wa. Ƙanwata ta daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar tayar mini da hankali. Wata rana na ga ta fara ɗaure kayanta a ɗankwali.

Da aka ce sakamako ya fito, tare da ƙanwata muka je shagon kwamfuta. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da yarinyar, takarda a hannunta.

"Umma, nawa ya fito. Ba su riƙe ba."

Na ce Allah ya yi albarka, amma hankalina bai kwanta ba, don ni ce na fara magana, ba ita ba. Mai shagon ya karɓi lambata. Intanet ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Na ce masa kada ya karanta mini komai, layin Turanci kawai.

"Kiredit ne, Hajiya. Na ƙarshe, amma kiredit ne."

Na nemi benci na zauna. Na ce ya ɗora shi a shafin jami'a yanzu, ina kallo. Ƙanwata ta karɓi takardar ta juya ta, ita da ba ta karatun boko.

"To Yaya, mutumin ya amsa gaisuwar ke nan?"

"Bai ji ta ba ma."

"Shi ya sa kika ci."

Daga baya sunana ya fito a rukuni na biyu na waɗanda jami'a ta ɗauka. Har yau ban san abin da dogon nan ya rubuta ba. Ranar da sakamakon ya fito kuwa, muna komawa gida ƙanwata ta wuce ɗaki. Ta kwance ɗankwalin, ta mayar da kayanta cikin akwati, ta fita hura wuta.