Tsamiyar da Muka Sare

Kafin a yanka filaye, unguwarmu wurin kiwon Shuwa ce a bayan Maiduguri. Tsamiya ɗaya ta rage daga wancan zamanin, kuma ta faɗo cikin filin da mijina ya saya.

Duk shekara bayan babbar sallah, wani tsohon dillali daga Kasuwar Shanu yakan ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya ce matarsa na kwance ƙarƙashin tsamiyar. Mijina yakan bar shi ya yi mata addu'a, har maƙwabta suka fara kiran gidanmu maƙabarta. Sai muka sa aka sare tsamiyar, aka shafe wurin da siminti.

Da tsohon ya dawo, sau uku yana zaga layinmu yana duban saman katangu. Ya same ni a bakin ƙofa, bai gane ni ba.

"'Yata, ina gida mai tsamiya?"

"Baba, mu baƙi ne a nan."

Ya yi mini godiya. Ya tsaya jikin katangar wani malamin makaranta, gida huɗu daga namu, ya ɗaga hannuwa. Ina kallonsa har ya shafa.