Ranar da Nicanor Ya Wanke Fuskar Waliyyi

A duk dangin Pariona, Nicanor ne ya fara taka jami'a, kuma har yau in aka ambaci hakan sai tsofaffin gidan su kau da kai.

Shi ne autan Doña Zenobia. Yana da shekara uku mahaifinsa, Don Saturnino, ya rasu, a shekarun tashin hankalin nan da aka ƙona rabin gidajen ƙauyen Pukarumi, har da nasu. Hoton marigayin ɗaya ne tak a duniya, wanda ke manne a katin shaidarsa, shi ma ya tafi a wutar. Nicanor ya tashi bai san fuskar ubansa ba. Ya kuma tashi da tafin hannu mai laushi, don tun yana ƙarami in an miƙa masa fartanya sai ya tsaya tambayar dalilin da ya sa mutum yake noma. Yayarsa Fortunata ce ta yi kiwon tumaki da haƙar dankali, nata da nasa, shi kuwa aka tura shi sakandare a birnin Ayacucho, daga can ya zarce jami'a a Lima, babban birnin ƙasar.

Uwar ta ɗauka likita za a dawo mata da shi, ko dai lauya. Da wasiƙarsa ta zo, Fortunata ta karanta mata sau biyu cewa falsafa da tarihin zane-zane ya haɗa. Doña Zenobia ta tambaya wace cuta suke magani. Fortunata ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce ɗaya tunani ne a kan tunani, ɗayan kuma kallon zanen da wasu suka yi suka mutu suka bari.

"To shi ma zai riƙa zanawa ke nan?"

"A'a, Mama, kallo kawai."

"Shekara biyar yana kallo?"

Bakwai ya yi.

Ya dawo da gemu, da tabarau, da akwati biyu na littattafai da sai da jaki ya hau da su. Ya ce ya zo ya yi nazarin tushensa ne. Ba wanda ya tambaye shi ko Lima ta ba shi aiki, don amsar tana jikin ƙoƙaƙƙen takalminsa. Mutane suka shiga kiransa Lisensiyado, laƙabin masu digiri, da farko har da cire hula. Bayan wata biyu hular ta daina motsi. Yakan zauna gaban miyar da bai san inda aka haƙo dankalinta ba, yana bayanin mene ne kyau, da yadda ido ke yaudarar mai shi. Kawunsa Don Hilarión, ƙanen uwarsa, yakan ɗaga dankali a cokali ya ce, "Lisensiyado, wannan akwai shi ko babu shi? Gaya mini da wuri, yana hucewa."

Duk wannan da sauƙi. Da a nan ya tsaya, da ya zama kawun nan da kowane dangi ke da irinsa.

Mutum-mutumin San Isidro, waliyyin manoma, a hannun dangin Pariona yake tun kakanni. Tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba, yana tsaye a ɗakin gaba da hular kaba da sandar korar shanu, a tsakiyar watan Mayu a ɗauke shi a kafaɗa a zaga gonaki da shi. Kuma duk wanda ya rasu a dangin, babbar macen gidan takan tsoma buroshi a fenti ta ɗora wa fuskar waliyyin wani abu guda na mamacin. Tawadar da ke kumatunsa ta kaka Teodosia ce. Giɓin haƙorin na wani kakan kaka ne mai busa sarewa. Karkacewar leɓen na wata gwaggo ce da ba ta taɓa yarda da maganar kowa ba. A gira kuwa akwai wani siririn tabo da ya raba ta biyu, inda ƙahon bijimi ya taɓa yankar Don Saturnino yana saurayi. Doña Zenobia ce ta ja layin da hannunta mako guda bayan binne shi, don ranar gobarar waliyyin yana coci, ya tsira.

Kowace safiya kafin ta hura wuta sai ta shiga ɗakin, ta ɗaga hular, ta ba da labarin tunkiyar da ta haihu da ƙanƙarar da ta ɓata wake. Kowa a gidan ya san ba da San Isidro take magana ba. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, layi ɗaya da bai kai tsawon farce ba.

Nicanor ma ya sani. Amma shi hannuwan mutum-mutumin ya kalla, da yadda aka sassaƙa naɗin rigarsa, ya yanke hukunci cewa aikin manyan gwanayen birnin Cusco ne na shekara ɗari uku da suka wuce, jahilcin dangi ne ya binne shi ƙarƙashin fentin ƙofa. Ya riga ya hango sunansa a mujalla, da malamansa suna hawo dutse a mota don su gani. Ya roƙi uwarsa ta bar shi ya fito da fuskar asali. Ya yi mata dogon bayani a kan bambancin abin da yake na ainihi da abin da aka ɗora daga baya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Ci abincinka, papito, ɗana. Kada ka taɓa shi."

Saura kwana goma bikin waliyyin, gida duka ya tashi ya hau gonar tudu haƙar dankali, inda ake kwana uku a bukka. Nicanor ya ce ƙirjinsa na ciwo.

Ba za a ce bai bi ƙa'ida ba. Ya auna tsawo da faɗi, ya rubuta. Ya ɗauki hoton hannuwa, da ƙafafu, da naɗin riga, da baya. Fuskar ce kawai bai ɗauka ba, don bai ga dalilin adana ɓarna ba. Sannan ya fito da auduga, da 'yar wuƙa, da wani ruwa mai wari a kwalba da ya taho da shi tun daga Lima. Tabon girar ne ya fara tafiya, shi ne a sama. Shafa biyu ya ɗauka. Tawadar kaka Teodosia ta bi baya. Kowane shafin fenti da ya cire sai ya ba shi lamba a littafinsa, har sha ɗaya, ba wanda ya sa wa suna.

Rana ta biyu da hantsi wuƙar ta nutse cikin wani abu mai taushi. Ya ƙara karcewa, hanci ya zube a tafinsa, don ashe hancin ma fenti ne a kan fenti. Abin da ke ƙasa wani dunƙule ne mai launin toka, kwaɓin farar ƙasa da dafaffen dankali irin wanda mata ke yin 'yan tsana da shi, an cusa masa idanun gilashi biyu. Ba gwani, ba Cusco. Lisensiyado ya zauna a ƙasa, dankali yana kallonsa.

Da suka sauko, Doña Zenobia ta sauke ɗaurin bayanta ta wuce ɗakin gaba yadda ta saba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juyo.

"Ina ka zuba shi?"

Ya nuna mata bokitin audugar. Ta durƙusa ta tattara ta kaf a zanenta, har da wadda ta faɗi gefe.

Don Hilarión ya ce ai duk wanda ya haura sittin ya san kan waliyyin na asali ya faɗa kogi tun zamanin kakansu, shekarar da masu ɗauka suka sha giyar masara fiye da ƙima, wata tsohuwa ta kwaɓa wannan a rana ɗaya. Da ya tambaya, da an gaya masa. Nicanor ya gyara tabarau ya soma cewa in aka duba da kyau, ainihin mutum ba a cikin fenti yake zaune ba. Fortunata ta danƙa masa buroshi a hannu.

"Lisensiyado, rufe mana baki. Shekara bakwai kana kallon zane. Ga shi nan, zana."

Ya gwada. Hancin da ya yi, Don Hilarión ya ce shi dai wannan ya tabbata akwai shi, don daga coci ma ana iya hango shi. Fortunata ta kankare, ta zauna da kanta, ita da ba ta gama firamare ba. Kwana biyar tana kwaɓi tana shafawa, tsofaffi suna zaune kewaye da ita suna tuno mata: tawadar ta fi haka ƙasa, giɓin ya fi haka faɗi. Ɗaya bayan ɗaya mamatan suka dawo, ko da ba daidai da da ba.

Ana jibi biki aka zo kan gira. Hannun Doña Zenobia ya soma rawa tun shekara guda kafin nan, don haka Fortunata ce ta riƙe buroshin, ta tsoma shi a jan fenti.

"Mama, dama ko hagu?"

Tsohuwar ta buɗe baki. Ta kai yatsa girarta ta dama, ta sauke, ta kai ta hagu. Shekara ashirin da uku tana tsayawa gaban fuskar nan, ba ta taɓa buƙatar riƙe wannan a ka ba, tunda yana nan a gabanta. Yanzu ta rasa ko damar da take tunawa tata ce ko tasa. Don Hilarión ya rantse dama ne. Wata ƙanwar marigayin ta rantse hagu. Aka ɗauko hotunan bukukuwan baya, a kowanne hular kaba ta rufe goshin da inuwa. Aka dubi hotunan da Nicanor ya ɗauka, ga yatsun ƙafar waliyyi tar, ana iya ƙirga su.

"Bar shi," in ji Doña Zenobia. "Ba zan yi masa tabon ƙarya ba."

Haka San Isidro ya fita gonaki a shekarar, girarsa biyu lafiya lau. Doña Zenobia ba ta sake shiga ɗakin gaba da safe ba. Audugar ta ƙulle a tsumma ta ajiye ƙarƙashin matashinta, kuma da ita aka binne ta, bisa wasiyyarta.

Nicanor yana nan a Ayacucho yana koyarwa a wata sakandare. Ya ma rubuta ƙasida a kan yadda mutanen tudu ke saurin manta tarihinsu, ya aiko da kwafi gida. Fortunata ta shimfiɗa ta ƙarƙashin cuku. Yakan zo biki duk shekara, a ba shi ɗaukar sandar baya ta katakon da ake ɗora waliyyin a kai, inda ba a ganin fuskar. Bara, da furfura ta fara fito masa, ya tambayi yayarsa cikin raha wace alama tasa za ta ɗora wa waliyyin in ya riga ta tafiya.

Ba ta ɗago daga dankalin da take ferewa ba. Ta ce ba sai ta wahala ba, tasa tana can tun tuni, ya je ya ɗaga hular ya dubi girar.