Hasan Makulli da Bindigar Dakta

A benenmu na unguwar Ainu Shams babu wanda bai taɓa yi wa Ammu Hasan, wato Baffa Hasan, dariya ba, kuma ni ne kan gaba a masu dariyar. Mutum ne mai kulle komai. Aljihun teburin da wuƙaƙe ke ciki yana da kwaɗo. Tukunyar gas tana cikin keji, kejin da kwaɗo. Hatta maganin ɓera ɗan akwatinsa daban. In yana saukowa daga hawa na huɗu, ƙarar makullan ƙugunsa ke riga shi sallama. Muka laƙaba masa Hasan Makulli. Ya ji, bai taɓa tankawa ba.

Ni sunana Harun, mutumin Gusau. Shekarata goma sha ɗaya a Alƙahira ina kokawa da digirin da ya ƙi ƙarewa, har gemu ya fara furfura. Ƙofata tana kallon tasa, shi ya sa na san abin da na sani.

Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. A Wad Madani aka haifi Hasan, ya yi shekara talatin yana tuƙa motar auduga. Yaƙi ya koro shi, ya iso nan da matarsa Awadiyya da wani ƙaton akwatin tufafi da ba a taɓa buɗewa a gabanmu ba. Ya samu aikin direba a unguwar Mohandessin wajen Dakta Hatim, tsohon likitan ido da ya ajiye aiki.

Khala Awadiyya, wato Inna Awadiyya, mace ce mai fara'a. Tana aiko mini da kisra, wato sinasir ɗin Sudan, da miyar kuɓewa, tana hira da matan bene har ka ji shewarta. Amma bangon da ke tsakaninmu siriri ne, kuma shekara biyu ban taɓa jin ta yi hira da mijinta ba. Ta ajiye abinci, ya ci, ta kwashe kwano. Ni da saurin yanke hukunci na ce a raina ai dole, wa zai yi hira da mutumin da ke kulle wuƙar yanka albasa? Allah Ya yafe mini wannan zaton.

Wata Alhamis bayan la'asar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Malam Harun, ku 'yan Najeriya kun iya Turanci. Jibi za ka raka ni kasuwar Ataba. Akwatin bindiga zan saya, ina so a karanta mini abin da aka rubuta a jiki, kada a cuce ni."

Na ce, "Ammu, kai da bindiga? A garin mutane?"

Ya zauna ya yi mini bayani. Bindigar ta Dakta ce, ƙarama, da lasisinta. Ran da aka aike shi ɗakin kwana ɗauko tabarau ya jawo aljihun gefen gado, ya gan ta kwance cikin safa, da harsasai a cikinta. Ga jikar Dakta, Mawada, 'yar shekara biyar, saura kwana goma su sauka da uwarta hutun bazara. Yarinyar kuwa ba ta ganin abu a rufe ta wuce. Sau uku yana yi wa Dakta magana, Dakta na dariya yana cewa shekara talatin tana wurin ba ta ciji kowa ba. A na huɗu Hasan ya ɗora makullin mota a kan tebur, ya ce ko dai a kulle bindigar ko a nemi wani direban.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Ammu, da hankalinka? Ɗan gudun hijira, da furfura a ka, wa zai ba ka wani aikin a garin nan? Bindigarka ce? Jikarka ce?"

"Ba tawa ba ce," in ji shi. "Dakta ya ce in je in nemo akwatin in rabu da shi. Ya kuma ce in akwatin ya ɓata masa bango, ni da shi mu fita tare. Za ka raka ni ko ba za ka raka ni ba?"

Asabar da hantsi muka hau jirgin metro, muka canza a tashar Shuhada, muka fito Ataba cikin hayaniyar da ba ta barin mutum ya ji tunanin kansa. Shago uku muka shiga muka fito. A na huɗu mai shagon, wani mai tumbi da fara'ar 'yan kasuwa, ya nuna mana wani akwati mai lambobi da fitila, ya ce irin na manyan mutane ke nan. Hasan ya girgiza kai. Ya ce yaro yana kallon yatsun babba, sau biyu ya isa ya haddace. Shi mai makulli yake so, mai kaurin ƙarfe, mai huji a baya da za a ɗaure shi da bango, kuma a cikinsa a samu wani ɗan ɗaki da nasa makullin daban saboda harsasai. Ya riƙa ƙwanƙwasa su da bayan yatsa yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Ni kuma ina karanta takarda ina fassarawa, har na fara jin yunwa da haushi.

Da ya samu wanda ya kwanta masa, mai shagon ya yi dariya ya ce, "Ya hajji, da alama gidanka cike yake da 'ya'ya masu ƙiriniya. Nawa ne?"

Hasan ya juya ga akwatin. Ya tura ƙofar akwatin a hankali, ya murɗa makulli, ya fita waje. Na same shi zaune a kujerar mai shayi. A nan, da rana tsaka, motoci na ta oda a kanmu, ya ba ni labarin da bai taɓa ba wa kowa a Masar ba.

'Ya ɗaya Allah Ya ba su, Tasneem. Shekararta ashirin da biyu, an sa ranarta da wani malamin makaranta, Mu'tasim. Dangin ango sun riga sun kawo shela, wato lefensu na can, akwati cike da lafaya da turare da sandal. Sai yaƙi ya matso, aka ɗaga biki. Mazan unguwa suka fara gadin layi, wani maƙwabci ya ba Hasan ƙaramar bindiga tsohuwa. Da aka ce ana bi gida-gida ana bincike, ya rasa inda zai sa ta. Ya tuna ko mai bincike yakan ji nauyin zuba hannu cikin kayan amarya. Ya naɗe ta a ɗane cikin wata farar lafaya, ya tura ta can ƙasan akwatin shela.

"Ban gaya musu ba," ya ce. "Haka muka taso. Maganar bindiga ta maza ce, ba a tayar wa mata da hankali. Ubana bai taɓa gaya wa uwata inda yake ajiye tasa ba. Ni a ganina tausaya musu na yi."

Abin da ya manta, ko kuma bai taɓa lura ba don ba harkarsa ba ce, shi ne matan Sudan ba sa barin kayan shela su daɗe a rufe. Lokaci-lokaci sai a fito da su, a kakkaɓe, a turara da hayaƙin sandal, a sake ninkewa. Wata safiya yana bakin layi, Awadiyya ta hura garwashi, Tasneem ta durƙusa gaban akwatin tana fito da lafayoyinta ɗaya bayan ɗaya, tana tsokanar uwarta. Farar ta maƙale a ƙasa, ta fizgo ta, bindigar ta tashi. Nan take Tasneem ta cika.

"Daga bakin layi na ji ƙarar. Na ce Allah Ya tsare gidan da abin ya faɗa wa. Malam Harun, addu'a na yi wa gidan, ban san nawa ba ne."

 Ni da nake da bakin gyara wa kowa zama, sai kunyar sunan da muka sa masa ta rufe ni. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Da azahar muka bi motar shagon zuwa Mohandessin tare da mai ɗaurawa. Dakta ya tarbe mu da fuskar mutumin da aka tilasta. Aka zaɓi bangon cikin durowar tufafi, inda ba za a ga huji ba. Kafin a fara, Hasan ya ce a kira uwargida da mai aikin gidan.

Dakta ya ɓata rai. "Ya Hasan, me ya haɗa mata da wannan?"

"Su ne ke buɗe aljihun tebur, ya Dakta. Kai sai dai ka ce a miƙo maka."

Aka kira su. Dakta ya fito da bindigar, ya zare harsasan, suka zubo a tafinsa. Uwargidan ta dafe ƙirji. Ashe ta san da bindigar, amma duk shekarun nan tana zaton babu komai a ciki, tana ture ta gefe tana jera safa. Irin kallon da ta yi wa mijinta ya sa Dakta ya kau da kai. Hasan ya nuna musu inda bindiga za ta zauna, da inda harsasai za su zauna. Ya ce makullan biyu kada su kwana wuri ɗaya, kuma in Mawada ta zo a gaya mata da baki abin da ke ciki da dalilin da ba a taɓawa.

Mai ɗaurawa ya huda bango, ya ɗaura ƙusoshi huɗu, ya karkaɗe ƙura. Dakta ya kulle. Daga nan ya ɗauko makullin mota ya miƙa wa Hasan, ya ce gobe ƙarfe takwas.

A cikin metro na ce masa, "Alhamdu lillahi, Ammu, ga aiki ya tsira, ga yarinya."

 "Na duba agogo," ya ce. "Minti goma sha biyar ya ɗauka. Ƙusa huɗu da minti goma sha biyar."

Mun iso bene gab da magariba. Khala Awadiyya tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa a faranti. Ban san yadda ta san inda muka je ba, amma ta sani. Ina laluben makullina na ji muryarta, kuma ba da ni take ba.

"Abu Tasneem."

Ya tsaya cak. Ban taɓa jin ta kira shi da wannan sunan ba, ko da wani sunan ma.

"An kulle?"

"An kulle."

"Harsasan fa?"

"Suna daban, da nasu makullin."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta ɗago ba. "Matan gidan sun sani?"

"Na sa an kira su. Na gaya musu da bakina."

Hannunta ya tsaya a cikin farantin. Ta ɗago ta dube shi, hawaye na bin kumatunta, muryarta kuwa ko rawa ba ta yi ba.

"Ni ban taɓa neman akwatin ƙarfe a wurinka ba," ta ce. "A wancan daren mun ci abinci tare, mu uku, a kwano ɗaya. Da sai ka ce mana kada a taɓa farar."

Ammu Hasan ya sulale ya zauna a kan matakala, makullan ƙugunsa suka bugi siminti. Ta miƙe ta shiga ciki da farantinta, ta bar masa ƙofar a buɗe.