Karkatacciyar Askar Tsoho

Ƙanena Senan Talty bai taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. Zai kurɓa sau ɗaya ya miƙe, ya leƙa taga, ya taɓa abin da babu ruwansa da shi, ya fita tsakar gida duba sama, kafin ya tuna da kofin ya yi sanyi ƙalau. Ni Dympna ni ce yayarsa, ni ce kuma mai zubar da shayin nan tun muna yara, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Sana'ar gidanmu sassaƙa sandar hurling ce, wasan ƙwallon sandan da mutanen ƙauyenmu suka fi saurara a kan wa'azin Lahadi. Da wani itace mai ƙwari da ake kira ash ake yin ta, kuma ba ko'ina a jikinsa ba, sai gindi, wajen da ya lanƙwasa zai shiga saiwa, don jijiyar katakon ta bi lanƙwasar sandar. Zarto shi ke fitar da siffa. Sauran aikin duk na aska ne, 'yar askar katako mai mariƙi dama da hagu da bakin ƙarfe a tsakiya, wadda ake kamawa da hannu biyu ana turawa tana fere katako siriri-siriri. Masu sana'ar ba sa saita bakinta daidai wa daida. Sukan ɗan karkata shi, gefe ɗaya ya fi leƙowa don cin katako da yawa, ɗaya gefen ya yi laushi don gogewa. Gefen mai ci kuwa a dama ake sa shi, wajen hannun da ya fi ƙarfi.

Mahaifinmu Malachy, wanda duk muke kira Tsoho, ba a yi gwani irinsa ba a gabashin gundumarmu ta Clare a ƙasar Ireland, ba a kuma yi mai rowar magana irinsa ba. Ya koya wa Senan sara da tsaga da zarto da shara. Amma da an zo wajen aska sai ya ce, "Je ka duba shanu," ya rufe ƙofar shago ya zura sakata. Senan ya tsaya a waje yana jin ƙarar aska, yana harbin bokiti. Haka ya girma da abin a ransa.

Wata rana, yana saurayi, Tsoho ya tafi kasuwar shanu a garin Ennis, shi kuma ya shiga shago ya ɗauko askar. Ta katako ce, bakin nata yana da ƙafafu biyu da ake bugawa cikin rami da 'yar guduma. Ya ɗaga ta wajen haske ya ga gefen hagu ne ya leƙo. Ya zauna ya bubbuga ta ya mayar da cin dama, yana murna zai burge uba. Tsoho ya dawo ya ɗauki askarsa, fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Wa ya taɓa min wannan?"

"Ni ne, Baba. Ai a juye take, gyara maka na yi."

"Na ce maka ta lalace? Fita min daga shago."

Senan ya fita daga shago, ya fita daga gida, kafin a cire dankalin shekarar ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila. Ya yi leburanci a Landan, ya yi dako a tashar jiragen Liverpool, ya haƙa rami a duwatsun Scotland, ko'ina da ya fara sabawa sai ƙafa ta soma yi masa ƙaiƙayi. Ya auri Rosaleen, baiwar Allah mai haƙuri, ta haifa masa 'ya mace mai suna Ita, ta rasu yarinyar tana rarrafe. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Tsoho. Aka dawo daga maƙabarta, mutane na cin burodi da shayi, shi kuwa na neme shi na rasa. Can na jiyo bugu a shago. Na je na tarar ya ɓalle sakatar nan daga jikin ƙofa ya wurga ta cikin ciyawa.

Bai koma Ingila ba. Ya koyi aska shi kaɗai, da ɓarnar katakon da za ta isa a gina coci. Ya sayi askarsa ta ƙarfe mai noti biyu, ya saita cin a dama kamar kowa, ta Tsoho kuwa ya rataye ta a ƙusa, ko kallonta ba ya yi. Ƙofar shagonsa a buɗe take ko ana zuba ƙanƙara. 'Yan wasa su zo su tsaya, ya gwada sanda a ƙugunsu, su wulwula ta a tsakar gida su ce, "Senan, ɗan rage min nan," ya rage suna kallo. Wanda ya tambaye shi abu ɗaya sai ya koya masa goma, har mutum ya rasa hanyar gudu. 'Yarsa Ita a cikin sassaƙen shagon ta tashi. Ta zama ma'aikaciyar jinya a birnin Limerick, amma duk ƙarshen mako tana gida tana buga wa ƙungiyar matan ƙauyenmu, kuma ba ta taɓa riƙe sandar da ba ubanta ya fere ba.

Bara da bazara ya faɗi a bakin ƙofa. Shanyewar ɓarin jiki ce, likita ya ce mai sauƙi. Baki ya dawo, har ya fi da, ƙafa ta dawo, hannun dama ma ya dawo amma ya baro ƙarfinsa a asibiti. Da ya kama aska ya tura, sai ta yi tsalle a kan katako tana karkarwa, ko ta kafe ta ɓantare wuri.

Ku tambaye shi laifin wa, ya ce na aska. Ya shiga sayen aska kamar mai shirin buɗe kanti. Ya sayi mai shimfiɗaɗɗen ciki ya ce ba ta shiga lanƙwasa. Ya sayi mai zagayayyen ciki ya ce rawa take yi. Ya sayi mai nauyi, ya sayi marar nauyi. Mai kawo saƙo ya gaji da hawan tudunmu har ya fara ajiye kwali a bakin hanya. Kowacce ta zo ya kwance ta, ya wasa bakin a dutse har ya aske gashin hannunsa da shi, ya mayar, ya ɗaga wajen taga ya kanne ido ɗaya, ya murɗa noti, ya gwada a guntun katako, ya sake murɗawa. Kuma kullum cin a dama, don hannunsa bai san wani saiti ba. Ya ci abinci a tsaye, ya zagaya shago, ya zagaya gida, ya zagaya ni kaina har na ji jiri.

Ga shi katako ya yi wuya, cutar da ta kama itacen ash ta cinye na yankinmu. Ya ɓata falanki bayan falanki har ya rage saura ɗaya, na bishiyar bayan gidanmu, wanda ya daɗe yana ɓoyo a saman rufi. A daidai lokacin ƙungiyar su Ita ta kai wasan ƙarshe na gunduma, kuma ta riga ta faɗa daga shi ta ajiye wasa, gwiwa ta ƙi. Sandarta ta karye a wasan da ya wuce.

"Baba, ka bari," ta ce masa a kan tebur. "Zan ari ta wata. Ga ɗaki can a Limerick na gyara maka, har da kujera a bakin taga."

"Kujera? Kin ji ta ko, Yaya? Kujera!"

"Goggo, ki yi masa magana mana."

"Ni? Tun kafin a haife ki nake masa magana, wace ya ji?"

Ya buga tebur da hannun hagu. "To ku ji. Falanki ɗaya ya rage. In na ɓata shi, na rufe shago, ki zo ki kwashe ni ki kai ni kujerar taki. Na rantse."

Senan ba ya rantsuwa ya janye, halin Tsoho ne ya ɗebo. Ni kuwa tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Mutumin da tsakar gida da gona ba su ishe shi ba, a sa shi a bene hawa na uku? Ba zai kai Kirsimeti ba. Ni ma in zauna da wa, in yi faɗa da wa?

Da safe ana yayyafi ya sauko da falankin, ya yanke siffa, ya ɗaure shi a teburin aiki. Na kawo shayi na tsaya a ƙofa. Ya jera askokinsa ya zaɓi wadda ya fi yarda da ita, ya tofa yawu a tafi, ya tura. Turawa ta farko lafiya. Ta biyu askar ta kafe ta ɓantaro wani wuri kusa da mariƙi. Bai yi zurfin da zai kashe sandar ba, amma wani irinsa ɗaya ya isa. Ya yi jifa da askar ta daki bango.

"Shi ke nan. Kira yarinyar ta zo da mota."

Raina ya ɓaci. "Kai dai ka iya ɓarna! Ka saye askar Ireland kaf, ka zagi kowacce, saura wannan." Na miƙa hannu na fizgo ta Tsoho daga ƙusa, yanar gizo da ƙura suka biyo ta. Ba dabara ce ta sa ni ba, neman faɗa ne kawai. "Ungo, ita ma ka zage ta ka cika."

"Wannan? Ai a juye take, Yaya. Mai ita ma a juye yake."

"To nuna min."

Don ya ƙaryata ni ya karɓa. Amma Senan ba zai ɗora ƙarfe mai tsatsa a katako ba ko yana fushi. Ya fitar da bakin ya wasa shi, ya mayar, ya bubbuga don ya kai cin dama. Bakin ya ƙi zama. Ramukan sun cinye da tsufa, duk yadda ya buga sai bakin ya zame ya koma mazauninsa na da, hagu a leƙe. Ya yi tsaki ya gwada ta haka a guntun katako. Sassaƙe ya fito dogo, ya naɗe kamar ɓawon lemo, ya faɗi ƙasa. Ya sake turawa, wani ya fito. Ya juya kan falankin, hannun hagu yana ja gaba, na dama yana biye kawai, askar tana tafiya sumul har ta share wurin da ya ɓantare.

Sai ya tsaya. Ya juya askar yana shafa mariƙin.

"Yaya, Tsoho da wane hannu yake rubutu?"

"Da dama mana."

"Cokali fa?"

"Da dama. Me kake nufi?"

"Sa yatsanki a nan."

Na sa. A mariƙin hagu babban yatsa ya ci katako ya yi rami mai santsi, yatsana ya nutse a ciki. Mariƙin dama kuwa da ƙyar ya ɗan goge. Nan take na tuna yatsun hannun hagun Tsoho, biyu a tanƙware, waɗanda yake cewa saniya ce ta taka. Na tuna wata ƙanwarsa ta taɓa faɗa mana cewa a zamaninsu malamin makaranta yakan ɗaure wa yaro bahago hannu a baya, in ya kwance ya sha sanda a gaɓoɓi, ana ce masa hannun shaiɗan ne. Ba ta ambaci suna ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Mutumin nan ya yi rubutu da dama, ya ci da dama, ya gaisa da dama a gaban kowa har ya mutu. Aska ce kaɗai ta ƙi yarda da ƙarya, shi ya sa yake zura sakata.

"Ashe ba sana'ar yake ɓoye min ba," in ji Senan. Muryarsa ta yi ƙasa. "Hannunsa yake ɓoyewa. Ni kuma na je na ce masa a juye take."

Sandar ta kammalu cikin makon. 'Yar tasa Ita ta wulwula ta a tsakar gida ta ce, "Baba, ɗan rage min nan," ya rage da hagu, ƙofa a buɗe, tana kallo. An cinye su a wasan ƙarshe, ba da yawa ba, ta dawo da sandar duk tabo ta rataye a ƙusar da askar ta bari. Shago yana nan a buɗe, ya samo katako daga wani wuri, kujerar Limerick kuma kyanwar Ita ce ke kwana a kai.

Amma ranar da ya gano ramin nan, bayan ya faɗi abin da ya faɗa, sai ya ja kujerar Tsoho ya zauna, askar a kan cinyarsa, babban yatsansa na hagu a cikin ramin. Na miƙa masa shayin ya karɓa ya shanye da zafinsa, bai motsa ba, bai leƙa taga ba. Tun muna yara nake roƙon Allah in ga Senan ya zauna wuri ɗaya. Da na gani ban iya jurewa ba, na karɓi kofin na fita cikin yayyafi na yi kukana a bayan shago.