Injin da Isiyaku Ya Dasa Mini

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Isiyaku Bakanike, mijin ƙanwata Rakiya, kuma mutumin da ya ɓata mini suna a sana'ata. Na san ba haka ake buɗe irin wannan rubutu ba. Na ga abin da abokansa suka yi ta rubutawa a zaurenmu na waya na 'yan Arewa mazauna Landan: gwani ne, mai haƙuri ne, bai taɓa ɓata wa kowa ba. Na farko gaskiya ne. Na biyu ban musa ba. Na ukun ƙarya ne, kuma shaidata tana nan kulle cikin wani gareji a Thamesmead, tayoyinta huɗu duk sun sace.

Ni dillalin mota ne. Da wankin mota na fara a garin nan, ba wanda ya ba ni jari, bakina ne jarina. Idan na ce mota lafiyarta ƙalau, mutum zai biya ko bai leƙa ƙarƙashinta ba. Isiyaku kuwa unguwarmu ɗaya a Kano, a gareji ya tashi, kuma ban taɓa ganin mai kunne irin nasa ba. Zai dafa bonet ya gaya maka fulogin da ke fashi. Ni na yi masa hanya ya zo Landan, ni na tsaya aka ɗaura aurensa da Rakiya. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce hassada ce ke magana.

Motar Ba'amurkiya ce, ƙofa biyu, doguwar gaba, irin waɗanda aka ƙera a farkon shekarun saba'in don gudu da ruri kawai. A rumfar wani manomi na tsinto ta, kaji na kwana a kujerar baya. Injinta ya cije saboda daɗewa a ajiye, amma nata ne na asali, lambar da ke jikinsa ita ce ke jikin motar da takardunta. Masu son irin waɗannan motoci wannan lamba suke saye. Kuma akwai wani abu: manyan kamfanoni biyu ne suka yi tashe da irin motar, magoya bayansu kuwa ba sa ga maciji da juna har yau. Ka ɗauko injin wannan ka sa a motar wancan, a wurinsu kamar ka sa rigar 'yan adawa ne ka je ka zauna a ofishin jam'iyya.

Na sami mai saye tun kafin in wanke ta. Wani dattijo ne Bature, babba a ƙungiyar masu tsofaffin motoci, wanda ya ce tun yana saurayi yake mafarkin irinta. Tambaya ɗaya ya yi mini: injin nata ne? Na ce nata ne, na ba shi hannu. Na san idan cinikin nan ya faɗa, ƙofar wannan ƙungiya ta buɗe mini, na huta da sayar wa direbobin haya ƙananan motoci.

Sai aka bugo mini waya cewa mahaifiyarmu ba lafiya, na tafi Kano mako uku. Kafin in tafi na kai wa Isiyaku makulli, na ce ya zuba mai a silinda, ya bar shi ya jiƙa, ya lallaɓa injin ya motsa, kada ya wuce nan. Ya ce, "An gama, Alhaji."

Ga abin da ya gama. Ya gwada kwana biyu injin bai motsa ba, sai ya sauke shi. Ya samo wani ƙaton inji mai silinda takwas na ɗaya kamfanin, wanda ya fi ramin motar girma. Ya yanke mazaunin inji ya yi waldar sabo, ya rage tsawon farfela, ya canza lagireto, ya sa guduma ya daki ƙarfen da ke tsakanin inji da direba har wuri ya samu. Sannan ya fesa wa baƙon injin shuɗin fenti irin na tsohon, wai don ido ya ji daɗi. Tsohon kuwa, mai lambar da na ba da hannu a kanta, 'yan gwangwan da ke zagaye da motarsu suka zo wucewa, ya ce su ɗauke masa, yana tare masa hanya.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa shi, kuma na san amsar, domin ni ma can na fito. A garejin Kano, inji ya buga, sauke shi ake yi a ɗora wanda ya samu. Ba mai tambayar daga wane gida ya fito. Bakaniken da ya ɓata mako uku yana lallashin mataccen inji, rago ake ce masa. Isiyaku ya fi shekara goma a Landan, ya iya cike takardun council, wato ƙaramar hukuma, ya iya hanyoyin tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, fiye da ni, amma hannunsa bai taɓa barin Kano ba. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Na gaya masa kada ya wuce nan.

Nawa laifin shi ne ban buɗe bonet ba. Da safe na sauka daga jirgi, da azahar dattijon ya zo da abokansa biyu. Isiyaku ya fito da motar tana sheƙi, ya murza makulli, ƙasa ta ɗauki rawa. Ina murmushi, sai na ga fuskar dattijon ta canza. Da kunne ya gane. Ya ɗaga bonet, ya sa farce ya kankare fentin, wata kala ta fito daga ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi da injin ya mutu na gaya masa, da ya saya a haka, amma fentin nan ya nuna masa ko ni wane ne. Suka shiga motarsu suka tafi.

Na juya kan Isiyaku. "Ina injina?"

"Wanne? Waccan gawar? Alhaji, ka ji yadda take kuka kuwa? Wallahi ko jirgi ba zai kamo ta ba."

"Na ce ina injina?"

"Na yi clearing ɗinsa. Inji inji ne, Alhaji. Ko motar za ta tambaye shi sunan ubansa?"

Na bi filayen 'yan gwangwan na bakin kogi ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu. An riga an farfasa shi. Kafin wata ya ƙare, duk wanda ke harkar tsofaffin motoci a kudancin Ingila ya ji labarin dillalin nan ɗan Nijeriya mai fenti. Ba wanda ya san sunan Isiyaku, nawa suka sani. Har yau ba a sake ɗaga wayata a wannan layi ba. Na koma wa direbobin hayata, na ci abinci, na aurar da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Amma an kira ni maƙaryaci a kan abin da ban yi ba, kuma wanda ya yi bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ko sau ɗaya. Shekara huɗu ya yi a duniya bayan haka, muna haɗuwa a sallar Idi a Regent's Park mu gaisa da yatsu. Sau ɗaya ya matso ya ce, "Alhaji, ka taɓa hawa da ita babban titi kuwa?" A ganinsa kyauta ya yi mini, ni ne ban san godiya ba.

Ranar jana'izarsa a Whitechapel, bayan an sallace shi, wani dattijo daga cikinmu ya tashi kamar yadda muke yi, ya ce duk wanda marigayin ya ɓata wa ya yafe masa. Sahu ya amsa, "Mun yafe." Ni ban buɗe baki ba. Na ɗauki makara, na zuba ƙasa, na tsaya wa Rakiya a kan duk abin da ya biyo baya, amma waccan kalma ban faɗe ta ba. Ban saba faɗin abin da ba haka yake ba, ko a kan mota, balle a kan gawa.

Wani lokaci ina tambayar kaina me zai ce da ya ga Landan ta yau. An kafa na'urori a kan tituna suna farautar hayaƙi. Motoci na wucewa shiru kamar ɓarayi, ba inji sai batir, ba abin da kunnensa zai saurara. Na tabbata zai tsaya a bakin titi ya ce waɗannan ba motoci ba ne, firji ne da taya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, irin aikin da ya yi mini yanzu ya zama abin yayi. Mutane na dasa injin wannan kamfani a motar wancan da gangan, suna ɗauka a waya, ana tafa musu. Da yana raye da ya ishe ni da turo hotuna. To, ko waɗannan ɗin a motarsu suke yi, da saninsu, kuma ba sa shafa fenti su ɓoye. Zamani bai wanke shi ba.

A watan jiya takarda ta zo cewa za a rushe layin garejin, kowa ya kwashe kayansa. Dole motar ta tashi. Na sami wani mai gyaran tsofaffin motoci da ke son ta, amma gangar jikin kawai. Ya ce ranar da ta shiga hannunsa zai zare wannan abin kunya ya aika wa 'yan gwangwan. Na ji daɗin maganar har cikin raina. Shekara goma sha uku ina jiran wanda zai kira abin da sunansa.

Rakiya ta ji, ta hau bas ta same ni a garejin. Ba ta taɓa shiga maganar ba sai ran nan. Ta daɗe tana kallon injin, ƙura ta rufe shuɗin fentin.

"Yaya, mako ukun nan da ka yi a Kano, marigayi ko abinci a tsaye yake ci. Cewa yake, bari Yayanki ya dawo ya ga abin mamaki."

"Ai na gani."

"Motarka ce, ka yi yadda ka so da ita. Abu ɗaya na zo tambaya. An ce ranar jana'iza ba ka amsa ba. Shekara tara ina kai masa addu'a, ban san ko akwai abin da ke riƙe da shi ba. Ka yafe masa ko ba ka yafe ba?"

Na raka ta ta hau bas. Bayan ta tafi na durƙusa da tocila na leƙa ƙarƙashin motar, abin da ban taɓa yi ba tun ranar. Na yi shekara talatin ina leƙa ƙarƙashin motoci, na san aikin ha'inci, a gaggauce ake yinsa, inda ido ba ya kaiwa a bar shi a hargitse. Waldar Isiyaku a can ciki, inda ba mai gani, a jere take kamar ɗinkin hula. Kowace waya ya naɗe ta, kowane noti ya sa masa alama. Mayaudari ba ya aiki haka. Mai taurin kai ne, wanda ya tabbata ya fi ka sanin abin da kake so.

Abin da ya rage na Isiyaku ke nan, kuma ba zan ƙawata shi ba: aiki mai kyau a inda ba a sa shi ba. Bai yi daidai ba, ba zai taɓa zama daidai ba, abokansa kuma su daina rubuta cewa bai ɓata wa kowa ba. Amma ni na san zafin a jefar wa mutum da inji a bayan idonsa, ba zan yi wa wanda ke kabari haka ba. Na buga wa mai sayen waya na ce an fasa. Na kama wani garejin, za a ja ta can ranar Asabar, da injinta, da fentinta, kuma duk wanda ya tambaya zan gaya masa ainihin abin da ke ciki.

Rakiya, kin tambaye ni a gareji, ga amsa a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na yi shiru. Na yafe masa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana baki ɗaya. Amma idan Allah Ya haɗa mu, tambayar farko da zan yi masa tana nan yadda take: wa ya ce ka wuce nan?